Takardar kanta ta ce 3,250, na'ura ta ce 3,900

"Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Yamai ce. Ran Asabar da yamma na shiga wani babban kanti yin cefanen wata. Na ɗauki gwangwanin madarar gari, takardar da ke liƙe ƙarƙashinsa a kanta an rubuta sefa 3,250. Da na zo wurin biya sai na ga 3,900 ta fito a allon na'ura. Na ce wa yarinyar da ke kes ai ba haka aka rubuta ba. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, 'Haka mashin ta ba da, in ba ki saye ki aje.' Na ce ta zo mu je ta gani da idonta, ta ce ba ta barin kes. Mutane sun yi layi a bayana, wani har da tsaki, mai gadi ya matso yana kallona kamar wadda ta yi sata. Kunya ta sa na biya na fito, ɗiyata tana riƙe da hannuna. Sefa 650 ba za ta talauta ni ba, amma har yau abin yana ci mini rai. Tiken yana hannuna. Wane farashi ya kamata in biya? Kuma me ya sa ma'aikatan waɗannan kantuna ba su iya magana da mutane ba?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Tambayarki biyu ce, ɗaya ta kuɗi ɗaya ta mutunci, kuma na lura ta biyun ce ta hana ki barci. Ta kuɗin amsarta gajera ce: in dai takardar nan ta wannan gwangwanin ce, sunansa da nauyinsa ne a jikinta, to 3,250 ya kamata ki biya. Kanti shi ya rubuta, shi ya liƙa, a kan abin da ya rubuta kika miƙa hannu kika ɗauka. Ta mutuncin ce ke buƙatar dogon bayani.

Ni ɗan Tawa ne. Na fara aikin shago ina yaro a rumfar kawuna cikin kasuwa, ina auna sukari ina ƙulla gishiri a leda. Daga baya na zo Yamai na zauna a kes na wasu shekaru, aka ba ni shef ɗin masu kes, har na riƙe kanti gaba ɗaya. Na tsaya inda yarinyar nan ta tsaya, kuma na taɓa yi wa mutum abin da ya fi nata muni, zan zo kansa.

Inda farashi biyu ke fitowa

Waɗannan baƙaƙen layuka da ke jikin gwangwani, da ake haskawa na'ura ta yi ƙara, babu kuɗi a cikinsu. Lambar shaidar kaya ce, galibi lambobi 13, da masana'anta ta buga tun can inda aka yi madarar. Na'urar kes tana karanta lambar ne ta duba nawa aka sa wa kayan a kwamfutar ofis. Takardar kanta kuwa sai mutum ya buga ta, ya yanka, ya taka zuwa wurin, ya cire tsohuwa ya sa sabuwa. Canza farashi a kwamfuta aikin minti guda ne ga mutum ɗaya yana zaune. Canza takardu aikin yaran kanta ne, su ne kuma masu sauke kaya daga mota, su ne shara, su ne kai wa Alhaji kwalinsa bakin mota. Tsakanin minti gudan nan da ranar da yaro zai sami sukuni, duk wanda ya ɗauki kayan zai ga abin da kika gani.

A da abin bai cika yawa ba, don farashi kan daɗe bai motsa ba. Kaya na sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano, su hau mota su shigo ta Gaya, ɗan kasuwa ya san lissafinsa. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, kaya da yawa suka koma zagayowa ta Lome su ratso Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Kuɗin mota ya hau, kwanakin hanya suka ƙaru, sai ka tarar da kwali biyu na madara iri ɗaya a mangaza ɗaya, kowanne da nasa kuɗin sari. Mu can Tawa kuma, kayan da ke shigowa daga Najeriya ta Illela da Birnin Ƙonni farashinsu na bin yadda naira ta kwana a hannun ƴan canji. Kantin da bai ware mutum musamman don bin takardu ba, dole takardunsa su riƙa yin ƙarya.

Akwai wasu hanyoyin. Wani mai saye ya ɗauki gwangwani ya fasa, ya aje shi a gurbin wata madarar mai kama da ita. An yi rangwamen azumi, Sallah ta wuce, kwamfuta ta koma tsohon farashi, takarda mai ja tana nan rataye. Mai kes ta haska abu sau biyu hannunta na sauri, ko ta buga lambar kwali a maimakon ta guda ɗaya. A shagunan kayan gini da na lantarki kuma akan faɗa wa mutum farashi ba tare da harajin TVA ba, wanda a Nijar kashi 19 cikin 100 ne, sai ya zo biya abin 10,000 ya zama 11,900. Sannan ga namu na gida, lissafin dala. Ɗan boko da ya saba ƙirga kuɗi da Faransanci ya tambayi yaron kanta nawa ne, yaro ya ce "ɗari bakwai". Shi yana nufin dala, wato sefa 3,500, mai saye ya ji sefa 700. Na raba irin wannan faɗa ba sau ɗaya ba, kuma kowa cikinsu rantsuwa yake yi da gaskiyarsa.

Ban ce duk kuskure ne ba. Ki lura da abu ɗaya: ranar da farashi ya sauka, kafin azahar za ki ga an rubuta shi da manyan baƙaƙe an rataye a ƙofa. Ranar da ya hau, takarda kan yi mako ba a taɓa ta ba. Na taɓa aiki ƙarƙashin wani uban gida da in ka ce masa takardar mai ta tsufa sai ya ce, "Bar ta, mutum nawa ke dubawa?" Shi a ganinsa bai cuci kowa ba tunda bai yi ƙarya da bakinsa ba. Ƙanwar wannan ita ce alewa a maimakon canji. Kowa ya san wahalar ƙananan kuɗi a Yamai, dala biyar da dala goma sai an yi da gaske. Amma mai kantin da ya san ba shi da su, ya kuma sa wa kaya 2,475, ya san sarai inda 25 ɗin za ta kwana. Ki tara alewar nan ki kai masa ki ce ya ba ki sabulu, ki ji amsar da zai ba ki.

Ta fuskar doka, Nijar tana da dokar kare masu saye tun 2015, kuma sanar da mai saye gaskiyar abin da yake saye da kuɗinsa yana cikin abin da aka gina ta a kai. Malamanmu ma sun sa sanin farashi da yardar juna cikin sharuɗɗan ingancin ciniki, kuɗin da aka karɓa a hannun mutum don kunya ta kama shi kuwa da wuya a kira shi yarda. Inda kawai zan ja miki birki shi ne kuskuren da kowa ya gani ya san kuskure ne. Firji na 350,000 sifiri ɗaya ya faɗi aka rubuta 35,000, wanda ya dage sai an ba shi a haka shi ma ya san ba gaskiya yake nema ba. Naki ba irin wannan ba ne. 3,250 farashi ne da mai hankali zai gani ya yarda.

Abin da ya sa ta yi miki haka

Ki tuna yadda ake ciniki a Katako ko Wadata, ko kasuwar Tawa ran Lahadi. Ki ce nawa, ya faɗa. Ki taya, ya ce albarka. Ki ƙara, ya ce haba Hajiya, ko uwar kuɗi ba ki kawo ba. Ki juya kamar za ki wuce, ya kira ki ya ce kawo, na sallama, har ya ɗora miki gyara. Kun yi minti goma kuna saɓani kan farashi, ba wanda ya ji an wulaƙanta shi. Dubi kalmar albarka ɗin nan kaɗai: an ƙi tayinki, amma da addu'a aka ƙi shi. Kasuwa ta daɗe da tanadar wa saɓani kalmominsa. Kuma wanda ke gabanki ko dai shi ke da kayan, ko ya san nawa aka saro su da iyakar inda zai iya sauka.

Babban kanti ya cire wannan duka ya sa takarda a gurbinsa. Alkawarin shi ne ke ba za ki taya ba, shi kuma ba zai canza magana ba. To ranar da takarda ta saɓa alkawari, babu abin da aka tanada. Wadda aka zaunar a gabanki ba ta san kuɗin sari ba, ba ita ta sa farashi ba, ba ita ta liƙa takarda ba, ba ta da ikon rage miki ko dala ɗaya. A yawancin na'urorin nan, gyara farashi ko soke abin da aka haska sai da lambar sirri ko makullin shef. In kuma tike ya riga ya fito, musamman irin wanda ke haɗe da tsarin hukumar haraji mai tambarin QR a ƙasansa, ba a yaga shi a wuce, sai an fitar da wata takardar ta mayar da kuɗi.

Da safe ana ƙirga mata kuɗin canji a zuba cikin akwatinta ta sa hannu. Da dare a sake ƙirgawa a gwada da abin da na'ura ta ce ta karɓa. In an sami giɓi, a kantuna da yawa daga albashinta za a cire. Na sha zama bayan an rufe ƙofa, yarinya na ta jera jika-jika a kan tebur tana sake ƙirgawa karo na uku, hannunta na rawa, don 5,000 ta ɓace kuma ba ta san inda ta shiga ba. Wadda ta taɓa kwana da wannan, in kika ce mata ta taso ku je kanta, abin da ta ji shi ne ta bar akwatin kuɗi cikin cunkoso. In kika ce ta karɓi 3,250, abin da ta ji shi ne ta biya miki 650 daga aljihunta. Kiran shef kuma, a wasu wurare, sai ya zo yana yi mata tsawa a gaban mutane ta tsayar da layi. Saboda haka hanya mafi sauƙi gare ta ita ce ta sa ki ji kunya ki biya ki tafi, kuma kin gani ta yi aiki.

Wannan bai wanke ta ba. "In ba ki saye ki aje" ba na'ura ce ta ba da ita ba, daga bakinta ta fito, kuma ta san abin da maganar ke nufi ga babbar mace a gaban ɗiyarta: wai ba ki da kuɗin. "Yi haƙuri Hajiya, ba ni da ikon gyarawa, bari in kira shef" ba ta cin ko tamma. Sai dai ni da na horar da masu kes na san abin da ake koya musu: kwana biyu ko uku a nuna musu maɓallai, a nuna musu yadda ake gane jabun takardar 10,000, shi ke nan. Ba wanda ke zaunar da su ya ce ga abin da za ku faɗa ranar da mai saye ya fi mu gaskiya. Mai gadi ma abin da aka ce masa kawai shi ne in ya ji murya ta tashi ya matsa kusa. Shi ya sa nake cewa zafin da ake saukewa a kan ƴan kes, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Nawa laifin ga shi. Ana cikin azumi, kanti ya cika, wani dattijo da ya saba yi wa gidansa sayayyar wata a wurinmu ya ce kwalin sukari 1,100 aka rubuta, na'ura ta ce 1,250. Aka kira ni, lokacin ina shef. Na gaji, ga ƙishirwa, ga layi har bakin firji. Ban je na duba ba na ce, "Baba, wataƙila ba ku gani da kyau ba." Bai ce komai ba. Ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro tabarau, ya goge shi da bakin rawani, ya sa, sannan ya ce, "To ɗana, mu je ka karanta mini." Muka je. Takardar na nan, 1,100, kuma rubutun hannuna ne, ni na rubuta ta da alƙalami makon da injin buga takardu ya lalace. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu. Ya koma kes ya biya sauran kayansa, ya bar sukarin a kan tebur. Ban sake ganinsa a kantin ba. A kan dala talatin muka rasa cefanen gida guda na kowane wata, ni kuma har yau in na ga dattijo na goge tabarau sai gabana ya faɗi.

Bayan wannan ne na roƙi mai kanti ya yarda da abu biyu. Kowace mai kes aka aje mata littafi. In takarda da na'ura suka saɓa kuma bambancin bai wuce jika guda ba, yaron kanta ya ruga ya ciro takardar ita kanta, a maƙala ta a littafin, a sallami mai saye a kan farashin takarda, ba sai an nemi kowa ba, kuma ba a taɓa albashin yarinya. Na biyu, duk farashin da aka canza a ofis sai an bugo jerinsa, ni da yaro mu zaga kafin a buɗe ƙofa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda bakin ƴan matan ya gyaru ba tare da na yi musu wa'azin ladabi ba. Da suka daina tsoron giɓi sai suka fara ɗago kai. Ba zan ɓoye miki ba, mun sami masu ciro takardar kaya mai araha su maƙala ƙarƙashin mai tsada sannan su zo suna ɗaga murya. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Amma sunan kaya da lambarsa na jikin takardar, minti ɗaya ya isa a gane.

Abin yi

Ƙarfinki duka yana kafin ki miƙa kuɗi. Ki riƙa kallon allon na'ura lokacin da ake haskawa, kada ki bari sai an tara jimla. In kin ga farashin da ya yi miki daɗi fiye da yadda kika saba, ɗauki hoton takardar da wayarki tun a kanta, gwangwanin na ciki, ki kuma duba ko suna da nauyi sun yi daidai. In saɓani ya taso, kada ki ɓata numfashi kan wadda ba ta da makulli. Ki ce mata, "Ɗiyata, na san ba ke kika rubuta ba, kira mini wanda ke da ikon gyarawa." Wannan magana kaɗai takan sauke rabin faɗan, don kin cire ta daga layin wuta. Ki ce ta ware madarar ta ci gaba da sauran kaya, ko ki matsa gefe na baya su wuce, sai masu tsaki su rasa abin yi wa tsaki. In shef ya zo ya ƙi, kina da damar barin kayan, kuma barin kaya a kes ba abin kunya ba ne. Wanda ya tara kaya don ya sayar shi ke asara.

Idan abin ya zama ɗabi'ar kanti, yau madara gobe mai, akwai ma'aikatar kasuwanci da ofisoshinta na jihohi, su ke da hurumin binciken farashi da awo, akwai kuma ƙungiyoyin kare masu saye irin su ADDC-Wadata. Hoton takarda da tike su ne hujjarki, baki da baki ba ya zuwa ko'ina. Abin da ba na ba da shawara shi ne ɗaukar bidiyon fuskar yarinyar a watsa a Facebook ko WhatsApp. Ita za a kora, takardar kuma ta ci gaba da zama yadda take, ga shi dokar 2019 kan laifuffukan intanet tana hukunta ɓata suna, sai mai neman haƙƙi ya koma mai amsa tambaya.

Ni ɗan kanti ne, ba alƙali ba, kuma bakinki kaɗai na ji, ban ga takardar ba. Yana yiwuwa ta wata madarar ce aka gusar. Ko da haka ne, abin da ya kamata shi ne a je a duba tare da ke a nuna miki, maganar da aka faɗa miki ba ta da gurbi ko ta wane hali.

Tunda tiken na hannunki, ki koma. Kada ki je da yamma ko ran Asabar, ki je da hantsi tsakiyar mako lokacin da kanti ba kowa. Fara wucewa kanta ki duba. In takardar na nan, ɗauki hotonta kafin ki yi wa kowa magana, don da zarar kin buɗe baki wani yaro zai je ya cire ta. Sannan ki nemi manaja, ba shef ɗin kes ba, ki aje masa tike da hoton ki ce kin zo karɓar dala ɗari da talatin ɗinki. Ki faɗa masa maganar da aka yi miki kalma da kalma, da matsowar mai gadi, ki kuma gaya masa ba korar yarinyar kika zo nema ba, so kike ki ji me ya tanadar mata ta yi in haka ta sake faruwa. In kin tarar an riga an canza takardar, ki dai faɗa masa, ki ce ya duba a kwamfuta ranar da aka ɗaga farashin madarar, don a yawancin tsarin nan ranar tana rubuce.